Gwaggo Ta Ce In Janye Ƙarar

Wata daga cikinku ta rubuto mini ta ce, "Baiwar Allah, ke da aka yi wa wannan abin, ya aka yi kike ta ba mu dariya?" 'Yar uwa, kukan ma na yi shi har na gaji. Dariyar kuma tawa ce, ba aronta na yi ba. To ku gyara zama, yau labarin Gwaggona na kawo muku, da na Likitan Kaji.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, bari in taƙaita. Bara ina aiki a wani babban shagon kayan kwalliya, ni ce a kan kanta. Wata rana ana shirin tashi, manajanmu ya ce in shiga sito in duba masa kwalayen turaren da aka sauke. Na shiga, ya biyo ni, ya murɗa makulli. Ya yi mini fyaɗe. Haka nake kiran abin da sunansa, don na lura duk mai cewa "tsautsayin nan" ko "abin nan da ya faru", ƙarshenta ni yake kallo, ba shi ba. A ranar Baba ya kai ni asibiti, daga can muka wuce wurin 'yan sanda. Yanzu magana tana kotu, ana ta ɗage zama, shi kuwa an ba da belinsa yana yawonsa.

Ni ma ban zauna a ɗaki ba. Na samu aiki a wani ƙaramin shagon tabarau, kuma wallahi ina son aikin nan. Ƙofarmu ta gilashi ce, kana ciki kana ganin titi. Madubai ta ko'ina, tabarau a jere a bango kamar 'yan makaranta. Mai shagon, da muke kira Anti, ita ke gwajin ido a ɗakin ciki, ni kuma ina waje da ɗan ƙyallena da ƙaramin sukurdirebana, ina goge wa, ina ɗaure wa, ina faɗa wa mutane gaskiya idan tabarau bai yi wa fuskarsu kyau ba. Babu abin da ke faranta mini rai kamar in ga tsohuwa ta sa sabon tabarau, ta dubi jikanta ta ce, "Kai, ashe haka ka rame?"

A nan Likitan Kaji ya same ni. Ya shigo da tabarau a tafin hannu, ya rabu gida biyu, an ɗaure tsakiyar da zare.

"Malam, faɗa ka yi?" na tambaye shi.

"Rago ne," in ji shi. "Na duƙa zan yi masa allura, shi kuma bai yarda da shawarar ba."

Likitan dabbobi ne. Amma da ya ce mini yawancin marasa lafiyarsa kaji ne, sai na raɗa masa Likitan Kaji, haka ma na ajiye lambarsa a waya. Dogo ne, siriri, rigarsa kullum a goge amma takalminsa kullum da ƙurar gona. Bayan ya karɓi sabon tabarau sai ya shiga dawowa, yau kusa ta saki, gobe hannun yana matse masa kunne. Rannan Anti ta leƙo daga ciki ta ce, "Likita, ka daina kwance kusar nan da kanka, za ka lalata mana kaya. Idan magana ce ka yi maganarka." Ina ma kun ga yadda ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Bai yi wasa ba. Ya zo gida ya gaishe da Baba, ya zama yana zuwa falonmu da yamma, yana shan shayin Umma yana yabawa ko da sukari ya yi yawa. Ni kuma, kada in ɓoye muku, na kamu. Idan wayata ta yi ƙara sai in yi wuf in ɗauka. Ƙanwata Auta har ta gane, da ta ga ina murmushi ni kaɗai sai ta hau kukan zakara.

Abu ɗaya ne ban gaya masa ba. Ba kunya ba ce, kada ku ɗauka haka. Daɗi nake ji akwai mutum guda a duniya da idan ya dube ni, ni kawai yake gani, ba sito ba.

Sai ga saƙonsa ranar Litinin, ina tsaka da goge madubi:

"Mai Tabarau, Mama ta ce tana son zuwa ta gan ki ranar Asabar. Kada ki tsorata, ba ta cizo. Ni kaɗai take cizo."

Na yi dariya, sannan na tuna abin da ban gaya masa ba.

Da na faɗa wa Umma, farin ciki ya hana ta zama. Kafin in cire takalmi ta kira Gwaggo a waya. Washegari da yamma ina dawowa daga aiki na tarar da jakar Gwaggo a tsakiyar falo, ƙamshin man zafinta ya cika gidan.

Gwaggo yayar Baba ce. Ita ta riƙe shi tun rasuwar iyayensu, ta sa shi makaranta, shi ya sa har gobe ba ya iya ɗaga mata murya. Kuma kada ku ɗauka muguwa ce. Lokacin da na yi zazzaɓi mai zafi ina ƙarama, a bayanta na warke. Amma Gwaggo tana da wani allo a zuciyarta da aka rubuta "me mutane za su ce", kuma shi take karantawa safe da yamma.

"Zo nan, 'yar nan," ta ce, tana buga gefen kujera. "Na ji abin arziki. Yaron ya san zancen?"

"Bai sani ba tukuna, Gwaggo."

"Alhamdulillahi. To bakinki alaikum. Kai kuma," ta juya wurin Baba da ke zaune da rediyonsa a cinya, "gobe-goben nan ka je ka janye ƙarar nan. Allah ya kawo mai rufa mana asiri, ba za mu tona wa kanmu ba."

Baba ya rage muryar rediyo.

"Gwaggo, asirin wa?" na ce.

"Au, tambayata ma kike yi? Ke da kika je kika tsaya gaban alƙali da maza cike da ɗaki kina ba da labarin jikinki? Tun farko sai da na ce a bar wa Allah. Kuma ni fa ina faɗin gaskiya ko ba ta da daɗi. Yarinya kullum cikin turare, kullum haƙora a waje kina yi wa kowa dariya. Wannan doguwar rigar taki mai igiya a ƙugu, ban ce ki daina sa ta ba? Namiji fa ba dutse ba ne."

Umma ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Na san tana sona, amma na san tana son auren nan, kuma tana tsoron Gwaggo. Ita ma a hankali ta ce, "Ko dai a ɗan jinkirta zancen kotun, sai bayan komai ya kankama?"

Da bara ne, da na shige ɗaki na rufe kaina da bargo. Amma na zauna da matan da ke taimaka wa irinmu, na ji maganar nan daga bakuna da yawa har ta daina huda ni. Na ce, "Gwaggo, turare nake sayarwa, shi aka ɗauke ni in yi. Dariya kuma idan ban yi wa masu saye ba, kora ta za a yi. Rigar da kike magana, ranar ma ba ita ce a jikina ba, rigar aiki ce, wadda manajan da kansa ya raba mana."

"Ka ji ta ko? Ka ji bakinta?"

Baba ya kashe rediyon gaba ɗaya. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya ce, "Yaya, ni na kai Uwata wurin 'yan sanda da ƙafata. Idan ta ce ta gaji, ni zan je in janye. Idan ba ta ce ba, ba ni da wannan ikon."

Gwaggo ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Ta ce, "To shi ke nan, na zama bare." Amma ba ta tafi ba. Ta sa Auta ta kai mata jaka ɗakinmu, ta ce tana nan har Asabar, don kada mu ɓata lamarin da rashin wayo. Ta ƙwace gadona, na koma katifar ƙasa, ga minshari.

Ranar Laraba da rana na tura masa saƙo: "Likita, kusar tabaranka ba ta saki ba? Ka zo, ina da magana."

Ya iso lokacin cin abinci, shago ba kowa, Anti tana ciki ta bar ƙofarta a buɗe. Ta san ba na zama da namiji a wurin da aka rufe ƙofa, ba ta taɓa tambayata dalili sau biyu ba. Ya zauna a kujerar masu gwada tabarau, yana murmushi, ya ajiye mini ledar lemo a kan kanta.

Na faɗa masa. Ban yi kwana-kwana ba, ban kuma yi kuka ba, sai dai ƙyallen da ke hannuna na murɗe shi har yatsuna suka yi fari. Ina magana ina ganin fuskarsa a madubai ta kowane gefe, murmushin yana zubewa.

Na gama. Ya cire tabarau, ya mayar. Sannan ya ce, "Amma... me ya sa kika shiga siton ke kaɗai?"

Jama'a, ba zan yi muku ƙarya in ce mala'ika na samu ba. Wannan ita ce kalmar farko da ta fito daga bakin mutumin da nake so.

Na ce, "Kai idan mai gona ya ce ka shiga ɗakin kaji ka duba masa, ɗan rakiya kake nema?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Aikina ne ya kai ni. Ɗan sanda ya yi mini tambayar nan, lauyan manajan ya yi mini, Gwaggona ta yi mini. Har yau ban ji wanda ya fara da tambayar me ya sa shi ya murɗa makulli ba. Na ɗauka kai ne za ka zama na farko."

Wata mata ta turo ƙofa da yaronta a hannu, na juya na ce mata sannu da zuwa. Kafin in gama da ita ya fita.

Ranar bai kira ba. Washegari ma shiru. Auta tana ta leƙen wayata tana tsaki, tana cewa dama ita ba ta taɓa yarda da mai warin kaji ba, ita da ke cinye duk biskit ɗin da yake kawowa. Ni kuwa abin mamaki, raina bai tashi yadda na zata ba. Na ji zafi, sosai ma. Amma ina tafiya aiki ina jin jikina sakayau, kamar wadda ta sauke bokitin ruwa daga ka. Na ce a raina, idan ya tafi, ya tafi da gaskiyata a hannunsa, ba da wata yarinyar da Gwaggo ta ƙera masa ba. Har na shanye lemon da ya kawo, don lemo bai yi mini laifin komai ba.

Ranar Juma'a da safe ina cikin tasi saƙo ya shigo, dogo, ba barkwanci ko ɗaya:

"Na yi miki tambayar banza. Tun da na fita nake jin kunyar kaina, shi ya sa na kasa kira. Ban san yadda ake jin irin wannan maganar ba, sai bakina ya ɗauko abin da na saba ji ana faɗa. Ba ki yi laifin komai ba. Ki yafe mini. Ina nan a kan bakana idan har yanzu kina so. Abu ɗaya nake tambaya: in faɗa wa Mama, ko ke za ki faɗa, ko a bar shi tsakaninmu? Yadda kika ce haka za a yi."

Na karanta, na sake karantawa, har mai tasi ya wuce da ni. Matar da ke kusa da ni ta miƙo mini hankici.

Na rubuta masa: "Ka faɗa mata. Kuma yafiyar sai na yi tunani, Likitan Kaji."

Ya turo mini hoton wata kaza ta sunkuyar da kai.

Asabar tun da safe gidanmu ya hargitse. Umma ta sa an cire labulen falo an sa na baƙi, masu ruwan zuma. Auta ta goge teburin gilashi har sau ba adadi, aka fito da kofunan nan masu bakin zinare da ba a taɓa bari mu sha ko ruwa da su ba. Gwaggo kuwa ta buɗe jakarta ta zaro wata riga ruwan toka, mai faɗin da ni da Auta za mu shiga tare mu bar wa Umma wuri.

"Wannan za ki sa. Ba kwalli, ba jan baki. Ki zauna a ƙasa, ki sunkuyar da kai, idan an tambaye ki ki ce e ko a'a."

"Gwaggo, ganina za ta zo yi, ba ta'aziyya ba."

Na sa doguwar rigata koriya, mai ƙananan furanni a bakin hannu, da mayafi mai ruwan madara. Na zizara kwalli, na fesa turarena kaɗan a wuya. Da na fito Baba ya ɗago ya ce, "Uwata ta fito." Gwaggo ta ce ita dai ta faɗi nata.

Likitan Kaji ne ya kawo baƙuwar tamu, ya tsaya a mota. Mamansa 'yar ƙaramar mace ce, ba ta kai kafaɗata ba, da tabarau mai kaurin gaske wanda na ga hannunsa ɗaya ya karkace. Sai da na danne kaina don kada in ce ta ba ni in gyara. Na durƙusa na gaishe ta, ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba.

Aka kawo shayi da kek. Gwaggo ta karɓe zancen. Ta yabe ni har na fara tunanin wata ake nufi. Wai ba na fita, ba na magana, ko ƙawaye ba ni da su, daga aiki sai ɗaki. Auta da ke tsaye a bakin ƙofa ta toshe baki ta gudu kicin.

Maman ta ajiye kofi a hankali ta ce, "Hajiya, yaron ya faɗa mini komai."

Umma ta runtse ido. Gwaggo kuwa, cikin ƙiftawar ido ta sauya hanya, ta tattaro mayafi ta matso bakin kujera.

"To tunda kun ji, sai dai mu ba ku haƙuri. Ƙuruciya ce da rashin jin magana. Yaran yanzu sai a hankali, ba su san yadda ake kama kai a gaban maza ba. Amma mun yi mata faɗa sosai, ta yi nadama, ta nutsu. Ƙarar ma janye ta za a yi, ba wanda zai ƙara jin zancen. Ku rufa mana asiri, Allah ya rufa muku."

An hore ni da kada in katse babba, kuma ban taɓa yi ba. Na jira ta kai aya, sannan na ce, "Mama, ki gafarce ni, ina da magana."

"Faɗi, 'yata."

"Ina girmama Gwaggona, kuma na san tsoro ne ya sa ta faɗi haka, tsoron kada in rasa ɗanki. Amma ban yi nadama ba, don ban aikata komai ba. Aiki na je nema, na yi aikina, wani ya zalunce ni. Ba zan ba kowa haƙuri a kan wannan ba. Ƙarar kuma ba zan janye ba. Shagon nan yana nan a buɗe, akwai 'yan mata a kan kantar da na bari, kuma makullin siton yana aljihunsa. Idan na yi shiru don in samu miji, ban san da wane ido zan dubi wadda za ta biyo bayana ba. Ina son ɗanki, ba zan ɓoye ba. Amma idan sai na sunkuyar da kai zan shiga gidanku, gara ku sani tun yau, ba zan iya ba."

Sai a lokacin na ga Baba tsaye a bakin ƙofar falo, hannunsa a bayansa.

Maman ta kalle ni ta saman tabaranta. Na shirya wa kowace irin tambaya, na rantse. Sai ta ce, "Kina samun barci kuwa?"

Wannan ce ta karya ni. Duk tsawon watannin nan, ban da likitan asibiti, ba wanda ya tambaye ni haka. Na ce, "Yanzu ina samu, Mama. Sai dai minsharin Gwaggo."

Ta fashe da dariya, Umma ma ta yi tana share hawaye. Gwaggo ta ce, "Ji 'yar banza," amma a ƙasa-ƙasa.

Maman ta jawo ni ta zaunar da ni kusa da ita a kan kujera. Ta ce, "Ni na haifi mata, kuma duk suna fita aiki. Ba ni da abin da zan yafe miki, don ba ki yi mini komai ba. Ni ta wurina an gama." Ta ja numfashi. "Amma ba zan zo gidanku in ci kek ɗinku in yi muku ƙarya ba. Babansa ya ji zancen, kuma ba daga bakinmu ya fara ji ba. Wani abokinsa ne ya kai masa, a karkace."

"A karkace kamar yaya?" in ji Baba. Karon farko ke nan da ya sa baki.

Maman ta ce, "Wai dama budurwar manajan ce. Wai sun daɗe tare, da ya ƙi aurenta ne ta ƙulla masa sharri."

Ban ji mamaki ba, lauyansa ya riga ya faɗi makamancin haka a kotu. Wadda ta ba ni mamaki Gwaggo ce. Ta miƙe tsaye har kofinta ya kusa kifewa.

"Budurwar wa? Wannan ƙaton banzan mai tumbi? Yarinyar da na goya a bayana? Ni na ga yadda aka shigo da ita gidan nan ranar, ni na gasa mata jiki! Wane maras tsoron Allah ne ya faɗi haka?"

"Yaya, zauna," in ji Baba.

"Ba zan zauna ba!"

Maman ta ce, "Ni da yaron mun yi masa bayani, ya ce ya ji. Mutum ne mai taurin kai, amma ba azzalumi ba ne. Ya ce yana son ya ji daga bakinta, gobe da yamma, idan kun amince."

Baba ya girgiza kai. "Hajiya, 'yata tana da alƙali ɗaya, ya ishe ta. Ba zan kai ta wani gida a sake yi mata shari'a ba."

Na dubi Baba, na ji kamar in rungume shi a gaban baƙuwa. Amma na ce, "Baba, zan je. Ba roƙo zan je yi ba. Tunda an kai masa ƙarya har gida, ni ma zan kai masa gaskiya har gida. Abin da ya ga dama ya yi da ita."

Baba ya ce, "To ni zan kai ki."

Na raka Maman har mota. Likitan Kaji yana ganinmu ya fito da sauri har ya buge kai da ƙofa. Ya dube ni, ya dubi uwarsa, yana neman labari a fuskokinmu. Ta ce masa, "Buɗe mini ƙofa, sarkin tambaya." Ni kuma na ce masa a hankali, "Na gama tunanin. Na yafe." Haka ya ja motar yana washe baki, har ya manta bai kunna sigina ba.

Yammacin ranar gidanmu ya yi daɗi yadda ya daɗe bai yi ba. Muka cinye sauran kek ɗin a tsaye a kicin, Auta tana kwaikwayon Gwaggo tana cewa "ko ƙawaye ba ta da su". Umma ta zo ta tsaya kusa da ni ina wanke kofuna, ta karɓi ɗaya tana gogewa, ta ce, "Da na ce a jinkirta, ban kyauta ba." Na jingina kaina da kafaɗarta. Gwaggo ce kawai ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci, ta ce kanta ke ciwo.

Lahadi da yamma na shirya, Baba ya tayar da mota yana jirana. Tsoro? Akwai ɗan kaɗan. Ban san mutumin ba, ban san da wace fuska zai karɓe ni ba, kuma na san kalma ɗaya daga bakinsa za ta iya rushe abin da nake so. Na buɗe ƙofar gaba zan shiga, sai muka ji murya daga cikin gida.

"Ku dakata!"

Gwaggo ce, ta ci ado da babban mayafinta na fita unguwa, jaka a hammata, tana tafe tana ɗingishi saboda gwiwa.

"Yaya, ina zuwa?" in ji Baba.

"Inda za ku. Kai ba ka iya magana ba, ita kuma ta cika iyawa." Ta ture ni gefe ta shige gaba ta zauna, ta ja ƙofa. Sannan ta sauke gilashi ta harare ni. "Kada ki ɗauka na sauka daga kan maganata, har yanzu bakinki ya yi yawa. Amma ni kaɗai ke da ikon faɗin haka. Shiga mu je in ga mutumin da zai dubi idona ya kira ki budurwar wani."